Tsakanin "Zai Ci" da "Ya Ci": Abin da Na Koya a Filin Sukuwa

Masu iya magana kan ce dokin mai baki ya fi gudu. Tun ina makarantar sakandare na haddace wannan karin magana, har na taɓa kawo ta a jarrabawa na sami maki, amma ban san nauyinta ba sai ranar da na tsaya a bakin filin sukuwa a bayan garin Gombe, da kuɗin rajistata na shiga jami'a a aljihu. Na ga ya dace in ba 'yan'uwana ɗalibai labarin wannan rana, domin darasin da na samu a cikinta bai tsaya ga doki kaɗai ba, ya taɓo har nahawun da muke karantawa a aji.

Duk wanda ya tashi a Gombe ya san doki ba baƙo ba ne a garin. Masarautar ta samo asali ne daga Modibbo Buba Yero, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, kuma a bisa doki aka kafa ta. Daga Gombe Abba hedikwatar ta koma Nafada a 1913, sannan ta dawo inda take a yau a 1919. Har yanzu biyu daga cikin unguwannin garin suna ɗauke da doki a sunayensu, wato Dawaki da Shamaki, kasancewar Shamaki sarauta ce ta mai kula da bargar sarki. Idan kuwa Salla ta zo, yaro da babba kowa hankalinsa na kan hawa. Bayan an sauka daga hawa ne masu dawaki kan nemi fili su gwada dabbobinsu, domin ado daban, gudu daban.

Ni a hannun ƙanen mahaifina na san doki. Bappa bai taɓa mallakar doki nasa na kansa ba, amma ya shafe fiye da shekara 30 yana kiwon na mutane. Shi ne mai yankan ciyawa, shi ne mai jiƙa dusa da kanwa, shi ne mai fita kilisa da asuba. A wurinsa na fara jin cewa Bahaushe ba ya cewa "baƙin doki" ko "farin doki" ya yi shiru. Baƙi wuluk shi ne akawal, fari shi ne kili, ja mai duhu bikili, mai fararen ƙafafu da farin goshi danda, mai rodi-rodi hurde, mai fatsi-fatsi kuma gunya. Tafiyar ma kowace da sunanta: akwai taƙama, akwai sassarfa, akwai sukuwa, sannan akwai zamiya idan mahayi ya ja linzami a tsakiyar gudu. Daga baya da muka zo nazarin waƙoƙin fada, muka saurari waƙar da Narambaɗa ya yi wa Ɗanfilinge, dokin Sarkin Gobir na Isa, sai na tarar rabin kalmomin da ke ba abokaina wuya na riga na tsince su a bakin turke.

A shekarar da na sami gurbin karatu, Inna ta kwashi adashinta ta damƙa mini N45,000 kuɗin rajista, ta ce in kai banki da zarar an koma aiki bayan Ƙaramar Salla. Kwana uku da Salla sai ga labari cewa za a yi sukuwa da la'asar, har da dawakin da aka kawo daga wasu garuruwa. Na bi Bappa muka tafi, kuɗin kuwa suna jikina, wai don kada in bar su a ɗaki wani abu ya same su. Mai karatu zai ga inda ɓarna ta fara.

Tseren da ya fi ɗaukar hankalin jama'a a ranar shi ne na gajeren zango, kimanin mita 1,000. A ƙasashen da suka mayar da sukuwa sana'a, irin su Ingila, da ma'aunin da suke kira falon ake auna fili, kowane falon ɗaya kimanin mita 201 ne, kuma tseren falon 5 ko 6 shi ake ɗauka gajere. Dawakinsu na ƙwarai kan cinye mita 1,000 a cikin minti ɗaya ko kusa da haka. A Amurka ma akwai wani jinsin doki da aka yi wa suna da rubu'in mil, domin a wannan ɗan taƙin, wato kimanin mita 400, babu mai kama shi. Abin lura a nan shi ne, a dogon zango idan doki ya yi kuskure yana da lokacin gyarawa, amma a gajere kafin ka ce kwabo an gama. Wanda ya makara a tashi ya makara ke nan.

Dawaki shida aka fito da su. Kafin a hau, sai da aka zagaya da su a gaban jama'a, ni kuma ina gefen Bappa ina sauraron abin da yake faɗa ƙasa-ƙasa, kamar mai karanta allo.

Na farko wani Kili ne dogo, wanda ya sha kallo a ranar hawa saboda kyan taƙamarsa. Yaron maigidansa na biye da shi yana ta zuba: wai a Kano ya bar dawaki goma a baya, wai ko iska ba ta kama shi. Jama'a suka yi caa a kansa. Bappa ya dube shi sau ɗaya ya ce, "Dubi wuyansa da tsakanin cinyoyinsa." Na duba, sai na ga gumi har da kumfa, alhali ko sirdi ba a ɗaura masa ba. Ya ce, "Wannan ya riga ya yi rabin tserensa a tsaye. Hayaniya ta cinye shi."

Na biyu Akawal ne, ingarma sosai, wanda aka ce jinin Sudan ne. Bappa ya yaba faɗin ƙirjinsa da tsawon ƙafarsa, amma ya ce irin wannan sai ya yi nisa yake buɗewa, da zangon ya kai ninki biyu da babu mai ganin ƙurarsa. Danda kuwa da aka zo wucewa da shi, sai Bappa ya sa ni in saurari ƙarar kofatonsa. Ƙafa uku na faɗuwa da nauyi ɗaya, ta huɗun yana ɗan sassauta mata, kuma kansa na ɗagawa duk lokacin da ta taɓa ƙasa. Gunya ya ƙoshi fiye da kima, an ba shi hatsi an hana shi kilisa. Hurde ɗan kuru ne, ba ya cika ido, mahayinsa ma wani yaro ne siriri da bai fi shekara 14 ba. Bappa bai ce komai a kansa ba illa, "Ba ya ɗauke da kaya."

Sai aka zo da Bikili. A nan ne na ga Bappa ya gyara tsayuwa. Doki ne matsakaici, gajeren baya, mai cikar ƙugu da cinya. Ya nuna mini sawunsa a kan rairayi: duk inda ƙafar gaba ta taka, ta baya sai ta wuce wurin ta sauka. Ya ce ƙarfin tashi daga baya yake fitowa, ƙafar gaba tarbe kawai take yi. Ya nuna mini faɗin hancinsa, ya ce doki ba ya numfashi ta baki kamar mutum, ta hanci kaɗai yake yi, kuma idan yana sukuwa kowane tsalle da numfashinsa guda, saboda haka mai ƙuntataccen hanci ba ya kai labari. Jikinsa a bushe yake, kunnuwansa na motsi gaba da baya, ga shi a natse kamar ba shi za a hau ba.

Na ce, "Bappa, to wanne ka gani?"

Ya ce, "Bikili ya fi su."

Na ce, "Ke nan shi ne zai zo na ɗaya?"

Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Ya ci." Daga nan wani maigidansa ya kira shi ya duba majayin sirdi, ya tafi ya bar ni.

A can gefe, bayan motocin da aka ajiye, akwai wani gungu na samari da ba kallon dawaki ya kawo su ba. A ɓoye suke harkarsu, domin da dattawan wurin sun gani da sun kore su. Wani abokina ya ja ni muka leƙa. Tsarin mai sauƙi ne: kowa ya zaɓi dokinsa ya ba mai riƙo kuɗi, mai riƙo ya cire ɗaya bisa goma ladan riƙonsa, abin da ya rage a raba wa waɗanda dokinsu ya zo na ɗaya, gwargwadon abin da kowa ya zuba. Daga baya na gane ba su suka ƙago wannan tsari ba. Wani mai suna Joseph Oller ne ya fito da shi a birnin Faris a ƙarni na 19, kuma a kansa aka gina cacar dawakin Faransa da ake kira PMU, wadda ta bazu har ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da Faransanci, inda mutum zai zuba kuɗi a kan dokin da bai taɓa gani da idonsa ba.

Na tsaya ina lissafi. Kusan rabin kuɗin da aka tara a kan Kili suke, saboda bakin yaron nan ya yi aiki. A kan Bikili N20,000 ce kacal. Na ga idan na ƙara tawa N20,000, jimillar kuɗin za ta kai N200,000. Mai riƙo ya ɗebe N20,000, saura N180,000, rabinta nawa ne. Wato in zuba 20 in kwashi 90. Na ce a raina, waɗannan jita-jita suke bi, ni kuwa ilimi nake bi, ilimin mutumin da ya yi shekara 30 a barga. Na tuna Inna, na ga kaina ina mayar mata da kuɗin adashinta tun kafin in fara karatu. Shaiɗan ba ya zuwa wa mutum da mummunar fuska, da fuskar jinƙai ya zo mini. Na ƙirga kuɗin na miƙa.

Filinmu ba shi da akwatunan tashi irin waɗanda ake gani a talabijin, inda kowane doki ke cikin nasa a buɗe su gaba ɗaya. Layi ne aka ja a ƙasa, mutum guda na riƙe da tuta. Sau biyu ana jera dawakin Kili na watsa su. A karo na uku ya yi tutsu ya bangaji Bikili, Bikili ya juya gefe don ya kauce masa, a daidai wannan lokacin tuta ta sauka. Kafin mahayinsa ya daidaita shi, sauran sun ba shi tsawon doki biyu ko uku.

Abin da ya biyo baya bai kai minti ɗaya da rabi ba, amma har yau ina ganinsa dalla-dalla. Kili ya fita kamar kibiya, bai kai rabin fili ba ya fara ja da baya. Gunya da Danda tun farko ba su shiga lissafi ba. Bikili ya bi ta waje yana wuce su ɗaya bayan ɗaya, ƙura ta turnuƙe, ni kuwa ina ihu har muryata ta dushe. Ya wuce Kili, ya wuce Akawal, saura ɗan Hurden nan da yaronsa ya kwanta a wuyansa kamar ƙadangare. Bikili na cim masa, yana cim masa, sai ga layi. Da wuya ɗaya Hurde ya tsira. Da an ƙara taku goma da labari ya sha bamban, amma ba a ƙara ba. Mutum biyu da suka zuba N5,000 kowannensu a kan Hurde, ɗaya ma don raha ya yi, su suka raba kuɗin.

A hanyar komawa gida Bappa sai murna yake yi, yana cewa, "Ka ga doki! Ka ga yadda ya cike wannan rata?" Da ya ga ban tanka ba, sai ya tsaya ya dube ni. Ban iya ɓoye masa ba. Na gaya masa komai, na ƙare da cewa, "Ai kai ka ce zai ci."

Ya ce, "Ni? Ban ce zai ci ba. Cewa na yi ya ci." Ya maimaita kalmar yana jan ta, muryarsa ta tashi sama ta gangaro. "Na ce maka ya fi su, kuma ya fi su, kowa ya gani. Amma fifiko nawa ne in gani, ci kuwa ba a hannuna yake ba. Ina na san Kili zai bangaje shi? Ina na san lokacin da mai tuta zai saki hannunsa?"

A lokacin na ɗauka kare kansa kawai yake yi. Sai da muka shiga aji biyu, malaminmu na nahawu ya zo kan lokutan Hausa, sannan na fahimci Bappa gaskiya ya faɗa, har ma ya fi ni bin ƙa'ida. "Zai ci" lokaci na gaba ne na ɗaya, mai ɗauke da niyya ko tabbaci. "Yâa ci", da karin sauti mai faɗuwa, lokaci na gaba ne na biyu, wanda ke nuna ana kyautata zaton abu zai auku amma an bar ƙofa a buɗe. "Yáa ci" kuwa, da karin sautin sama, shuɗaɗɗen lokaci ne, an riga an gama. A rubutunmu na yau da kullum, da yake ba ma nuna karin sauti da tsawon wasali, na biyun da na ukun duk "ya ci" muke rubutawa. Abin da ya same ni ke nan a bakin fili. Bappa ya ba ni zato, ni kuma kwaɗayi ya goge mini karin sautin, na karɓe shi a matsayin abin da ya riga ya faru. Ina zaune a aji na ji kamar malamin da ni yake.

Wani zai iya cewa ai lissafina bai ɓaci ba, tsautsayi ne kawai, da za a sake tseren Bikili ne zai ci. Mai yiwuwa haka ne. Amma a ƙasashen da ake ajiye ƙididdigar sukuwa, dokin da aka fi kyautata wa zato kusan sau ɗaya cikin uku yake zuwa na ɗaya, duk da cewa can akwai akwatunan tashi da likitocin dabbobi da tarihin kowane doki a rubuce. Ni kuwa kuɗin rajista guda ɗaya gare ni, ba a gwada su sau uku. Bugu da ƙari, akwai wanda bai taɓa faɗuwa ba a wannan gungu, shi ne mai riƙo. Bai san akawal ba bai san bikili ba, bai damu da wanda ya ci ba. Idan aka juya N200,000 ɗin nan a tsere bakwai, yana cire ɗaya bisa goma kowane karo, abin da zai rage a hannun masu zubawa bai kai rabi ba. Haka abin yake a cacar ƙwallo da ta shigo wayoyinmu a yau, wadda na san wasu daga cikinmu na taɓawa a ɗakunan kwana: suna ne ya canza, mai riƙo yana nan.

Ba ina cewa sukuwa aibi ba ce. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya sa an yi tseren dawaki a Madina, har ya raba shi gida biyu: waɗanda aka horar suka tashi daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada'i, tafiyar mil 5 ko 6, waɗanda ba a horar ba kuma daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ, kimanin mil ɗaya. Malamai sun halatta kyautar da shugaba ko wani mai hali zai sa wa wanda ya yi fice. Abin da aka hana shi ne wanda na yi, wato 'yan kallo su tara kuɗi wani ya kwashe na wani, kuma hanin yana nan a Suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91. Na san wannan sarai tun ina makarantar allo. Ba jahilci ne ya kai ni ba, ganin da na yi cewa na fi sauran sani shi ya kai ni.

Washegari da safe Bappa ya kira ni ɗakinsa. Ya jawo wani tsohon buhu daga ƙarƙashin gado, ya fito da likkafa guda biyu ta tagulla, masu zane, waɗanda kakanmu ya bari. Su kaɗai ne abin doki da ya mallaka a duniya. Duk shekara yakan goge su da toka da lemon tsami, ya ba da aronsu ga wanda ya ga dama ranar hawa. Ya naɗe su a tsumma ya fita, bai dawo ba sai azahar, ya miƙo mini N20,000. Ya ce, "Ka kai banki yau. Innarka ba za ta ji daga bakina ba. Idan ta ji, daga naka ne."

Na yi hutun ƙarshen zango biyu ina yankan ciyawa da kwashe kashin doki a bargar da yake aiki, har na biya shi kuɗinsa. Da na tara wasu na ce mu je mu fanso likkafar, sai ya ce wanda ya saya ya riga ya wuce da su wani gari. Inna kuwa sai da na gama aji ɗaya na iya gaya mata. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Da ma na ga Bappanka ya daina goge-gogensa na Salla."

Har yanzu ina zuwa kallon sukuwa, kuma ina jin daɗinta fiye da da. Nakan tsaya in dubi ƙirji da ƙugu da sawu, in saurari kofato, in faɗi wanda na ga ya fi. Wani lokaci in dace, wani lokaci in sha ƙasa, in koma gida da aljihuna yadda na zo da shi. Kira na ga 'yan'uwana ɗalibai shi ne, duk wanda ya zo muku da tabbacin abin da bai faru ba, a kan doki ne ko ƙwallo ko wata harkar kuɗi, ku saurari karin sautinsa da kyau, sannan ku tambayi wane ne mai riƙo. A bara wani ƙanena ya bi ni fili, da aka zagaya da dawaki ya ce, "Yaya, wanne zai ci?" Na nuna masa wani danda na ce, "Wancan ya ci." Sai da na tabbatar ya ji yadda muryata ta gangaro. Allah ya tsare mu da kwaɗayi, ya saka wa iyayenmu da alheri, amin.